Ranar da Na Sa Kwat ɗin Mutane Na Je Karɓar Janareta

Jama'a, yau na tafka abin kunya, kuma tunda hoton ya riga ya shiga wayoyin mutane, gara ku ji labarin daga bakin mai shi.

Wata biyar ke nan da kamfanin da nake yi wa gadi ya sallame mu, na kama ɗan shago a bakin titinmu na fara wanki da guga. Tebur ɗaya, igiyar shanya a baya, dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi. Na lantarkin kusan ado ne, don wutar unguwarmu baƙuwa ce mai kunya, ta leƙo ta gaishe mu ta wuce.

Makon jiya wani ma'aikaci ya bi layinmu yana raba takarda. Wai hukuma ta shirya wa masu ƙananan sana'o'i babban taro, za a koya mana tunanin ɗan kasuwar zamani, kuma kowa zai koma gida da janareta. Na kai wa maƙwabciyata tela, wadda duk layin muke kira Yaya saboda shekararta ashirin a wurin. Ta karanta, ta miƙo min, ƙafarta ba ta bar keken ɗinki ba.

Na ce, "Yaya, ba za ki je ba?"

Ta ce, "Na je sau uku, ƙanena. Ina da hula uku, jaka biyu, da satifiket ɗin da na toshe tagar can da shi."

Na ce a raina, baiwar Allahn nan ba ta da tunanin zamani.

Matsala ɗaya ce. Takardar ta ce a zo cikin shiga ta mutunci, ni kuwa mutuncina duka kakin gadi ne da ya koɗe a gwiwa. Amma a shagona akwai wata kwat shuɗiya mai duhu, irin wadda ko a rataye take sai ka ji kamar ka gaishe ta. Wani direba ne ke kawo ta tare da sauran kayan maigidansa, bai taɓa faɗa min ko wane ne ba, ni ma ban tambaya ba. Su ne manyan kwastomomina. Jiya da yamma direban ya zo karɓa, na dube shi ido cikin ido na ce ba ta bushe ba.

Da safe uwar yara ta gan ni gaban madubi ina gyara kafaɗa.

"Baban yara, kayan mutane ne fa."

"Aro ne na awa uku. Kwat ba ta magana."

"To Allah ya sa," in ji ta, da irin muryar da ke nufin Allah ba zai sa ba.

An ce ƙarfe tara. Mu wajen ɗari uku muka cika zauren wani otal, masu aski, masu faci, masu gyaran waya, kowa ya kulle shagonsa ya zo. Sha biyu da rabi sai ga jiniya. Mai Girma Babban Mai Ba da Shawara ga Mai Ba da Shawara kan Ƙananan Sana'o'i ya iso da mota goma sha ɗaya. Allah ya ƙara masa lafiya, ni da na wuce layin mai a hanya na ga mutane suna tura motocinsu, na yi murna da na ga ashe man bai ƙare ba, wuri ɗaya ya taru.

Jawabinsa na farko a kan muhimmancin kiyaye lokaci ne. Muka tafa. Na biyu, ya ce mu daina dogaro da hukuma, mu tsaya da ƙafafunmu. Ya faɗi haka wani na riƙe masa ruwa, wani na riƙe masa waya, wani na riƙe da takardar da yake karantawa. Muka sake tafawa. Daga nan aka kawo wani masani, wanda da ganin tafin hannunsa ka san ko allura bai taɓa sayarwa ba, ya ce mu rufe ido mu hango kanmu da rassa goma.

Mai askin da ke kusa da ni ya ɗaga hannu. "Yallaɓai, ni reshe ɗayan ma wuta ce ba ni da ita."

Masanin ya yi murmushi. "Ka gani? Matsalarka ba wuta ba ce, tunani ne."

"To Yallaɓai, a ina ake jona injin aski a jikin tunanin?"

Aka karɓe makirfon daga hannunsa, aka ce an kafa kwamiti.

Duk wannan lokaci idona na kan dandamali, inda janareta ɗaya tak yake zaune, an ɗaura masa jan ƙyalle. Na ɗauka samfuri ne, sauran suna cikin mota. Sai jami'in da ke kula da taron ya sauko yana duba fuskoki, yana neman wanda zai yi kyau a hoto. Ya wuce mai faci, ya wuce mai aski, ya tsaya a kaina.

"Kai mai kwat, taso."

Wallahi tafiyar da na yi zuwa dandamalin nan, ko ranar da aka ɗauke ni aiki ban yi irinta ba. Mai Girma ya miƙo hannu, na miƙa biyu. Ya riƙe. Ya dubi hannun rigar, ya dubi maɓallan, ya dubi wuyan. Masu hoto suna ta walƙiya. Bai daina murmushi ba, ya matso kusa da kunnena, ya ce ta tsakanin haƙora:

"Ni aka ce wa ba ta bushe ba."

Jama'a, a take ta jiƙe. Gumin da ya karyo min ya mayar da ƙaryata gaskiya.

Amma ku ga ƙwarewa irin ta manya. Ya juya ga makirfo ya ce, "Ku dubi wannan bawan Allah. Ƙaramin ɗan kasuwa ne, amma ku ga shigarsa. Wannan shi ne shaidar cewa shirinmu ya fara aiki." Zaure ya ɗauki tafi. A iya sanina, wannan ne karo na farko da kayan wani babba suka sauko jikin talaka, kuma ko shi ma sai da talakan ya ɗauka da kansa.

Da aka watse na sunkuya zan ɗauki janaretana, sai wasu ƙarti biyu suka riga ni. "Malam, wannan na hoto ne. Gobe akwai taro a wata unguwa." Namu, in ji su, yana mataki na biyu. Aka ba ni hula, da jaka, da satifiket da ba a rubuta suna ba.

Na dawo na tarar da direban zaune a bencin ƙofar shagona. Na shiga na tuɓe, na ninke, na fito da ita kamar mai miƙa jariri. Ya ce Yallaɓai ya ce a kwaso kayansa kaf, har safa. Da ya gama lodi ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Kuskurenka ɗaya, ba ka tambaye ni inda za shi yau ba. Ni kullum sai na duba jadawalinsa kafin in sa."

Yaya ta bar ni na zauna tukuna, sannan ta fara. Mutum huɗu sun zo sun tarar da kwaɗo a ƙofa. Biyu ta karɓar min kayansu. Ɗaya ya ce zai dawo. Ta huɗun ma'aikaciyar jinya ce da ke kawo min fararen kayan aikinta duk mako, ta jira rabin awa, ta tafi da su.

"Zauna in ba ka naka taron, ba hula ba jaka," in ji Yaya. "Shago buɗewa yake so, kullum, a lokaci ɗaya, ko da mutum ɗaya ne zai zo. In ka ce wa mutum Talata, to Talata. Kayan mutane ba naka ba ne, ko da sun yi maka daidai. Kuma ka yi aiki da abin da ke hannunka. Dutsen gawayin nan da kake rainawa shi ya ciyar da kai wata biyar, janaretan da ba ka samu ba ya cinye maka kwastoma biyu a yini ɗaya."

"To yanzu ya zan yi, Yaya?"

"Babban ya tafi, bar shi. Ita ma'aikaciyar jinyar ka san gidansu. Tashi ka je ka ce ka yi kuskure. Kada ka ce wuta, kada ka ce hukuma. Ka ce kai ne."

Na je. Ban taɓa sanin kalma uku, "na yi kuskure", suna da nauyi haka ba. Matar ta dube ni, ta ce ta ga hotona a waya, na yi kyau. Sannan ta shiga ta fito da riga ɗaya tak, ta ce tana so ƙarfe bakwai na safe, in ta ga yadda na yi za ta yi tunanin sauran. Na dawo na hura gawayi, na goge rigar nan kamar ta sarauniya. Duk wanda zai fara sana'a, ga abin da na koya yau: kafin ka je wurin mai jiniya, tambayi wanda ya shekara ashirin a layinku bai rufe ba.

Ina cikin gugar sai ga mutum biyu da rasit a hannu. Wata huɗu ina bin takardar izinin shago ba ta fito ba, amma hoto ya fita da azahar, kafin magariba sun iso. Wai sun zo karɓar harajin hayaƙi da ƙarar janareta. Na ce ba ni da janareta. Suka nuna min hotona ina tsaye kusa da shi. Na rantse, Yaya ta rantse, suka ce rantsuwa ba takarda ba ce, sai in kawo shaidar hukuma cewa ba ni da shi.

Na tambayi ofishin da ke bayar da wannan shaidar. Suka kwatanta min, amma suka ce kada in wahalar da kaina a makon nan. Injin buga takardarsu ba ya aiki, ba wuta.