Langar Mama Titi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Kirsimeti da ta same ni a gida, ina aji uku a makarantar kwana ta 'yan mata. Lokacin garinmu Abuja ake ce masa, ba a koma Suleja ba tukuna. Na dawo hutu unguwarmu Magajiya, kaina ya kumbura, don an koya mana riƙe cokali mai yatsu, mun kuma gasa burodi sau ɗaya (bai tashi ba, amma wannan ban gaya wa kowa a gida ba).

Maƙwabciyarmu Mama Titi ce, Bayarabiya mai sayar da atamfa. Da Sallah Inna kan aika mata da tuwo da nama, da Kirsimeti ita ma ta aiko mana. Kazarta ma Baba take kawo wa ya yanka, don mu ci hankali kwance.

A shekarar nan langa biyu ta aiko. Ta farko dafa-duka ce. Da Inna ta buɗe ta biyu sai ta yi turus: ɗanyen ganye, naman kaza a yayyage, ƙwai, da wani farin abu an kwarara, ga shi sanyi ƙalau. Inna ta ce ko baiwar Allah hidima ta sha mata kai, ta manta ba ta ɗora a wuta ba.

Nan fa 'yar boko ta miƙe. Na ce, “Inna, abincin Turawa ne, mun yi shi a makaranta. Hucewa kawai ya yi.” (Wallahi ranar na fara ganinsa.)

Na juye a tukunya, na zuba ruwa kaɗan, na jefa daddawa don ya ɗauki ɗanɗano, na hura wuta. Ganyen ya yi baƙi ya kwanta, farin abin ya tsinke ya koma mai. Ina juyawa ina ganin abin na lalacewa, amma baki ya riga ya faɗa.

Ina tsugune ludayi a hannu, sai ga sallamar Mama Titi, ta sha goggoro. Ta zo jin yadda Inna ta ji salak ɗin, don farin abin nan ma, wato kirim, wani direba ta roƙa ya taho mata da shi daga Kaduna. Ta dubi langarta wayam, ta leƙa tukunya. Inna, da ba ta iya rufa-rufa ba, ta ce ai 'yar makarantar tasu ce ta ɗumama, sun yi shi a aji.

Mama Titi ta karɓi ludayin ta ɗanɗana. Ta daure, ta daure, sai dariya ta ƙwace mata har ta zauna a kan turmi tana share hawaye da bakin zani. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Washegari ta aiko kirana. Na tafi ina jan ƙafa, na tarar ta ajiye ragowar kazar domina. Ta nuna mini komai: a dafa kaza da albasa da gishiri, a bar ta ta huce sarai kafin a yayyaga. A wanke latas da ruwan gishiri, a tsane shi. A yanka kokwamba da karas da tumatir da dafaffen ƙwai, a matsa lemon tsami, kirim kuwa sai an zo ci. Da muka gama ta ja kunnena a hankali ta ce, “'Yata, wannan da wuta ba su ga maciji.”

Bayan shekara biyu aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, suka koma kudu. Wasiƙa ɗaya ta zo, shi ke nan. Yanzu jikokina na cewa babu mai salak ɗin kaza irin nawa, ni kuwa duk sanda nake yayyaga naman sai in ji ina son in ga fuskarta ko sau ɗaya, in gaya mata na iya. Abin da na koya dai shi ne, “ban sani ba” kalma ce gajera, kuma ba ta taɓa lalata abincin kowa ba.