Minti Biyar da Mai Girma a Bakin Rami

Jama'a, ku yi mini uzuri in kun ga rubutun yau yana ɗingishi, mai rubutun ma ɗingishin yake yi. Ƙafata ta hagu tana cikin roba da ruwan ɗumi, uwargida tana tsaye a kaina da man zafi, tana tambayata karo na huɗu wa ya aike ni. Ba wanda ya aike ni sai ci gaban zamani. Shekaranjiya na faɗa ramin bakin layinmu da waya a hannu, a kan idon Mai Girma Uban Alƙawura, Allah ya ƙara masa lafiya da ƙarfin sabis.

Bari in gabatar muku da ramin, tunda ya fi ni suna a unguwa. Kwalbati ne a da, ya rufta damina biyu da suka wuce, zurfinsa ya kai kafaɗar namiji. Sau biyu ana turo masu hular kwano su auna shi, su yi rubuce-rubuce, su sha ruwanmu su tafi. Mu kuwa muka gitta katako ɗaya muna bi a kai ɗaya bayan ɗaya. Mota ba ta shiga layin, babur ɗina ma a tsallake yake kwana. Talaka in ya daɗe da abu har suna yake raɗa masa, don haka muke kiran wurin Kan Iyaka, muna dariya muna wucewa.

Mutum ɗaya ne ya daina dariyar, maƙwabcina Tela. Shekara bakwai da aurensu sai bana Allah ya ba maiɗakinsa ciki, ga shi ya shiga wata tara. Tun da cikin ya tsufa ba ta ƙara taka katakon nan ba, don lanƙwasa yake yi ko da ɗan akuya ne ya hau. Kullum in na fito sai in tarar da Tela a bakin ramin da tef ɗin awo a wuya, yana kallon katakon.

"Maƙwabci, ranar da abin ya tashi, ta ina za ta bi?"

Nakan ce masa Allah yana nan. Shi ma ya san da haka, amma ya rame.

To ana nan, ina layin mai tun safe har hantsi, rediyon wani mai tasi ya kawo albishir. Wai an faɗaɗa shirin nan mai suna Ga Ni Ga Ka, wanda talaka zai kira Mai Girma ta bidiyo ya kai kukansa ido da ido. A da sai da kwamfutar ofis ake yi, yanzu kuwa ko wayar aljihu, ko kwamfutar hannu mai faɗin tire, ko ta tebur, duk za su yi. An ce har an saya wa kwamitin shirin sababbin motoci goma sha biyu, domin su zagaya su shaida wa jama'a cewa yanzu ba sai an yi tafiya ba. Na yaba da wannan hangen nesa ƙwarai. Da layi ya zo kaina man ya ƙare, na turo babur gida ina ta yabawa.

Na kai labarin wurin Malam Ritaya, tsohon malamin makaranta, wanda shi ne dattijon layinmu kuma mai rubuta mana takardun koke. Ya gyara tabarau ya ce, "A da sai mu je ofis a ce ba ya nan. Yanzu daga gida za a ce mana ba ya nan. Ai an rage mana wahala." Duk da haka ya cike mana fom, kuma abin mamaki aka ba mu lokaci: ranar Talata, ƙarfe goma sha ɗaya, minti biyar cif.

Mun yi shiri irin na masu hankali. Muka ce kada mu dogara da na'ura ɗaya, tunda an ce duka uku suna yi, duka ukun za mu kunna. Malam ya fito da kwamfutarsa ya ɗora a tebur, uwargida ta ba da aron kwamfutar hannunta bayan gargaɗi mai tsawo, ni kuma na riƙe wayata. Tela ya rubuta jawabinsa a bayan kwalin zare, layi huɗu kacal, ya kwana uku yana haddacewa. Ranar Talata aka share layi aka yayyafa ruwa, kowa ya ci ado. Har mai kantin layinmu, wanda ban taɓa ganinsa da hula ba, ya zo da hula. Da yake kowa yana so Mai Girma ya gan shi, sai muka jeru sahu biyu a gaban na'urorin, muka rufe ramin ruf da manyan riguna.

Sha ɗaya da rabi allo ya yi haske. Wani mai ƙaramin gemu ya fara bayyana, Mai Riƙe Jaka ke nan, ya ce minti biyar ɗinmu sun fara. Sai ga Mai Girma da kansa, fuska uku a na'ura uku, yana zaune gaban wata kantar littattafai. Kantar dai ba ta da natsuwa, in ya motsa sai ta cinye masa kunne ɗaya ta dawo da shi. Can ma wani hannu ya ɓullo daga cikin littattafan ya miƙa masa kofi mai ƙanƙara, ya koma. Ban ce komai ba, ilimi kogi ne.

Malam ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, barka da hantsi."

Shiru. Malam ya zaci bai ji ba, ya maimaita. Ashe sabis ne ke jan ƙafa, gaisuwar tana hanya. Ga shi kuma na'urorin uku suna kusa da juna, kowace ta ɗauki gaisuwar ta aika nata. Mai Girma, mutumin kirki, ya shiga amsawa ɗaya bayan ɗaya.

"Barka kadai. Barka kadai. Yauwa, barka kadai."

"Ina gajiya, ranka ya daɗe?"

"Barka kadai. A'a, ba gajiya."

"Yaya iyali? Yaya fama da jama'a?"

"Ba gajiya. Lafiya lau. Ba gajiya."

A nan zan faɗi laifinmu, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu mutane ne da ba mu iya faɗa wa babba buƙata ba sai mun tambayi lafiyar gidansa kaf. Da Malam ya gama, mai kanti ya ce ba zai sa hula a banza ba, ya miƙa tasa gaisuwar. Na bayansa ma haka. Ina kallon agogon da ke kusurwar allo yana cin minti uku, yana cin huɗu, Tela yana tsaye da kwalinsa a hannu.

Da ƙyar na tura shi gaba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, matata ce..." Sai wata 'yar alama ja ta bayyana a na'urorin uku lokaci guda. Mai Riƙe Jaka ya toshe mana murya daga can, wai hayaniya ta yi yawa. Tela bai sani ba, ya karanta layinsa huɗu tsaf. Mai Girma yana kallon bakinsa yana gyaɗa kai.

"Na ji godiyarku," in ji shi, "kuma ta shiga zuciyata."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce to, gani ya kori ji, in an toshe baki ai ba a toshe ido ba. Na ratsa sahu na nufi ramin da wayata. Matsalar ita ce wayar fuskata take nunawa, ni kuma ban san inda ake taɓawa ta juya ba. Sai dabara ta zo mini: in ba ramin baya, in ɗaga waya sama, ya fito a bayana. Na ja da baya taku ɗaya, gefensa ya fito. Na ƙara ɗaya, katakon ya fito. Na ƙara na uku.

Abin da zan yi alfahari da shi har in mutu shi ne ban saki wayar ba. Ina kwance a ƙasan rami, taɓo har kunne, sai na ji muryar Mai Girma a tafin hannuna, cike da tausayi.

"Wannan bawan Allah ya burge ni. Tashi, tashi, ba sai ka kai ƙasa ba, gaisuwar ta isa haka."

Allo ya ɗauke. Minti biyar sun cika.

Ban gama tantance wace ƙafar ce tawa ba sai na ji muryar uwargida daga sama, ba irin wadda take yi mini faɗa da ita ba. Maiɗakin Tela ce, abin ya tashi. Wani ya ruga ya tsayar da tasi a tsallake, mata biyu suka fito da ita suna riƙe da ita, suka iso bakin katako suka tsaya cak. Tela ya dubi katakon, ya dubi matarsa. Na miƙa hannu a fitar da ni, sai uwargida ta leƙo.

"Maigida, tunda kana ciki, tsaya nan. Sa kafaɗarka ƙarƙashin katakon."

Haka aka yi. Na tsaya da ƙafa ɗaya da rabi a cikin taɓo, na tallafe tsakiyar katako da kafaɗa. Mai kanti ya cire hularsa ya diro ya kama mini, Malam yana daga sama yana ta addu'a. Na ji takunta a ƙashin wuyana, ɗaya, biyu, har bakwai, uwargida na gaba tana riƙe da hannuwanta tana ja da baya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin daɗin nauyi ya sauka daga kaina kamar lokacin da na ji ƙofar tasi ta rufe ba. Aikin da kwalbati ya ƙi yi damina biyu, ni da mai kanti muka yi shi, ba tare da an yanke mana ƙyalle ba.

Wajen la'asar kwamfutar hannun uwargida ta yi ƙara. Tela ne daga asibiti, ta bidiyo. Sai ya juya wayar kawai, ga 'yar jaririya mace a naɗe cikin zani, ga uwar tana murmushin gajiya. Layin gaba ɗaya ya taru a kan allo ɗaya, har tsohuwar Tela da ke can wani gari mai nisa aka haɗo ta, tana ta shafa allon wayarta tana hawaye. Wannan karon ma gaisuwa ta ci kusan awa guda, kuma ba wanda ya toshe wa wani baki. A nan na yarda na'urar ba ta da laifi, ya danganta da wanda ke ɗaya ɓangaren.

Kada ku ce kiranmu bai yi amfani ba. Jiya da safe mota ta tsaya a Kan Iyaka, ɗaya daga cikin sha biyun nan. Ma'aikata suka sauko da siminti da shebur, har Malam ya fara hamdala. Suka haƙa ƙaramin rami kusa da babban, suka kafa allo mai hoton Mai Girma yana murmushi da waya a kunne, an rubuta cewa wannan layi ya amfana da shirin Ga Ni Ga Ka. Yanzu sai ka sunkuya ƙarƙashin allon kafin ka hau katako. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. An kuma turo mini saƙo a waya, wai in zaɓi tauraro nawa zan ba kiran. Na ba shi biyar, don na gan su da idona sa'ad da ƙeyata ta bugi ƙasa.

Ɗazu aka sallamo mai jego da jaririya daga asibiti. Mai kanti da wasu suka sake shiga rami, ni an ba ni hutun jinya, Tela ya tsallako da 'yarsa a ƙirji yana tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ina zaune da ƙafa a roba ina kallo, sai na yi wani ɗan tunani. Yarinyar nan kwananta biyu a duniya, amma ta ziyarci raminmu sau biyu, kuma duka biyun da kanta ta zo. Mai Girma, ranka ya daɗe, ba gori nake yi ba, amma in ana neman wanda zai duba ayyuka, muna da 'yar takara a layinmu.