Fara Mai Girman Zabo

Ba zan taɓa mantawa ba da damanar da Baturen gona ya miƙo mini hotunan fara iri-iri, ya ce in zaga ƙauyukan Goronyo in tambayi manoma wacce suke gani a gonakinsu. Lokacin ina sabon malamin gona, ji nake ƙasa ba ta isa in taka ta ba. Ya yi dogon bayani da Turancinsa na hanci, na yi ta gyaɗa kai (wa zai yarda a ce malam bai ji ba?).

Cikin hotunan akwai wata mai dogon gashin baki, fukafukanta kamar ganye. Ta cika takarda, ta kai zabo. Da na isa Rimawa, garin kawuna, na ɗaga ta gaban jama'a.

Kawu ya ce, "Subhanallahi! Yaro, mi na wanga?"

Na ce, "Hwara ta, Kawu. Girmanta ke nan, kuma tana tahe."

Wallahi har yau ban san inda na samo "tana tahe" ba. Bakina ne ya ga taro.

Gero bai gama nuna ba, amma Kawu ya ce gara ɗanye da babu, ya sa aka girbe rabin gonarsa.

Ran kasuwa sai ga Bature da tafintansa. Da ya ji labari, ya buɗe kwalin ashana. Ga farar hoton nan a ciki, 'yar koriyar aba, ko yatsa ba ta kai ba. Tafinta ya ce na'urar hoto ce ta ƙara mata girma, kuma wannan ba ta zuwa a garke, ba ta cinye gona. To, don Allah, wane irin mutum ke kumbura ƙwaro bai faɗa da Hausa ba?

Kasuwa ta ɗauki dariya. Wani ya ce, "Malam, ina zabon namu?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Kawu bai yi dariya ba. Geronsa ya tashi aiki, sai dai tumu. Ya kai ni gida, ya gasa, ya cika faifai, ya ture mini.

"Ci, malam. Hwara ba ta zo ba, kai ka zo."

Na ci, hawaye na zuba. Ranar na gane ba kowace ɓarnar gona ke da fukafukai ba, wata har albashi ake biyanta.