Yadda Za Ka Ɓoye Aikinka Daga Masu Lamunin Karatu

Ka ci bashin gwamnati ka yi digiri? Doka ta ce ba a taɓa ka sai ka samu aiki. To, kada ka samu. Bi matakan nan, ko sisinka ba mai karɓa. An gwada su a kan wani da ake kira Injiniya a gidansu.

1. Samo wanda zai tsaya maka

Uba ya fi. Yana da fansho, kuma idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Baban Injiniya da murmushi ya sa hannu, har ya roƙi a bar masa biron.

2. Karanci abin da zai mutu kafin ka gama

Shekara biyar Injiniya yana koyon zanen gini. Ranar da ya kai takardunsa wani kamfani, manaja ya juyo masa da kwamfuta. "Ka ga abin da ka koya? Minti uku take yi, kuma ba ta zuwa hutu." Ka yi godiya ka fita. Ilimi ai ba ya ruɓewa, sai dai mai shi.

3. Yi aiki, amma kada ka kira shi aiki

Ƙaninka da aka ce ya haƙura da jami'a saboda kai, yanzu yana da rumfar gyaran waya. Zauna a bayan rumfar kana kwance sukurori. Abin da ya miƙo maka da yamma sunansa na sabulu. Ba a cire bashi daga na sabulu.

4. Toshe bakin Mama

Nan Injiniya ya yi sake. Jami'in lamuni ya zo da fom, ya tarar da Mama a ƙofar gida, maƙwabciya na shanya, kunne a buɗe.

"Mama, an ce ɗanki zaman banza yake yi?"

"Wane maƙiyin ne ya faɗa? Babban injiniya ne a kamfanin waya!"

"Masha Allah. Albashi fa?"

Ta saci kallon maƙwabciya, ta faɗi adadin da ko manaja bai taɓa riƙewa ba. Jami'in ya rubuta.

5. Ranar fansho, ɓace

Masu lamuni sun nemi albashin ko'ina ba su gani ba, sai suka koma kan wanda ya sa hannu. Baba ya zo rumfa, ya ajiye wayarsa a tebur.

"Injiniya, duba min abin nan. Saƙon banki ya shigo, rabin fanshon ne kawai. Ina jin wayar ce ta lalace."

Injiniya ya buɗe bayanta, ya hura, ya goge.

"Sai gobe, Baba. Sai an sayo kayan gyara."

Gargaɗi

Mai wannan shawara a sakandare ya tsaya, saboda haka in ta kwaɓe maka, ba ruwansa. Kada ka zo rumfa neman bayani. Wurin a cike yake: Baba kullum yana kan benci, yana jiran a gama gyara.