Aljihun Rigar Ango

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanena Nasiru a Gwiwa ba, ko da kuwa na so in manta.

Mahaifinmu mai ɗinkin hannu ne a Kazaure, manyan riguna yake wa aska takwas da zaren siliki. Ni kuwa aikin ofis ya ɗauke min hankali, ban taɓa zama kusa da shi na minti goma ba. Da ya rasu, sai na tsinci kaina ina buɗe gwangwanin zarensa ina shaƙar ƙamshin turarensa da ya kama su. Da aka sa ranar Nasiru, na ce ni zan yi masa riga irin ta Baba.

Wata huɗu na yi. Na shimfiɗa tsohuwar rigar Baba, na kwafi zanen da fensir, na bi da farin siliki, na zagaye da zare mai ruwan zinariya (wannan ƙarin nawa ne, Baba bai cika son ƙyalli ba). Yatsuna duk suka huje.

Ranar ɗaurin aure rigar ta ɗauki ido. Duk wanda ya yaba sai in ce, "Ai ni na yi, gado ne." Har waɗanda ba su tambaya ba na gaya musu.

Ana shafa fatiha, waliyyin amarya ya damƙa wa ango goro da dabino cike da hannu. Nasiru ya kai aljihu. Hannu ya ƙi shiga. Ya sake turawa, dabino ya zube a tabarma, goro ya gangara har gaban liman. Ashe na ɗinke aljihun ruf, na haɗe shi da jikin rigar.

"Yaya, ina ƙofar?" in ji Nasiru, da ƙarfi kuma.

Aka fashe da dariya. Wani ya dube ni ya ce, "Magaji, zo ka buɗe mana!" Na rasa inda zan sa fuskata.

Sai Malam Sule, abokin Baba daga Roni, ya jawo mu gefe, ya karɓi reza, ya shiga warware bakin aljihun a hankali. Can ya tsaya, ya shafa askar farko da yatsa.

"Haka mahaifinku yake karya kan aska," ya ce. "Wa ya nuna maka?"

"Ba kowa, Malam. Rigarsa na duba."

Ya ɗaga bakin aljihun ya nuna min. "Da ka duba cikinta ma, ɗana."

Na yi dariya, idona kuwa ya cika. A lokacin babu abin da nake so irin in ga Baba a cikin masu yi min dariyar nan.

Yanzu duk Asabar ina hawa babur zuwa Roni wajen Malam Sule. Kuma duk rigar da na gama, sai na zura hannu a aljihu kafin in buɗe baki.