Kan Baba Saja

Shekarar da na dawo Zuru daga kwas ɗin koyar da zane, ba a shan iska kusa da ni. Wata tara kacal na yi a Zariya, amma ko allon shagon aski na gani sai na yi masa sharhi.

Wata Asabar na raka Rahila, wadda nake nema da aure, shagon wani mai zane a unguwar Rikoto. A bango na ga hoton wani dattijo, fenti bai gama bushewa ba. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya don mutanen da ke zaune kan benci su ƙaru.

"Kun ga dogon kan nan da faffaɗan hancin? Salon mutum-mutumin Nok na zamanin da ne mai zanen ya aro. Ai babu ɗan Adam mai irin wannan kai."

Mai zanen ya sunkuya. Rahila ta taka mini ƙafa, na ɗauka burge ta na yi, na shiga bayanin kunnuwa.

Sai wani tsoho a benci ya cire hularsa a hankali. Kan nan ne, ba ragi.

"Baba, ga wanda nake ba ka labari," in ji Rahila, murya ƙasa-ƙasa.

Ashe mahaifinta ne, tsohon sajan soja. Wata shida kawunnaina suna zarya kafin ya ba ni ita. Har yau in na je gaishe shi, sai ya ce wa jikoki, "Ku kawo tabarma, masanin kayan tarihi ya zo duba ni."