Yadda Na Laƙa wa Sunan Surukata "Dewi"

Ba zan taɓa mantawa da zafin shekarar ba, bayan babban yaƙi, da jiragen ruwan tsibirin Jawa suka dawo da jigilar alhazai. Makka ta cika, ruwa ya yi tsada, ni kuma ga tsohon ciki, ina yi wa matan Jawa wanki a unguwarmu ta Hindawiyya.

A cikinsu akwai wata mai 'yar jaririya da take kira Dewi. Sunan ya shiga raina. A lissafina, duk sunan da kunne ya ji a Makka na Larabci ne (ai ko akuya ta yi kuka a nan, sai in ce addu'a take).

Na haifi mace, maigida ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Inna Hajja. Bakina ba zai iya kiran sunan suruka ba, dole a nemi laƙabi. Na ce Dewi. Tun kafin ranar suna na bi kunnuwan matan unguwa da shi.

Ranar suna tsakar gida ya cika. Inna Hajja ta ɗauki takwararta ta ce, "Ke, wannan Dewin, sunan wace ce?"

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Sai na gyara zama na ce, "Sahabiya ce, Inna."

Maƙwabciyarmu Bibi, Bahindiya mai sayar da turare, ta ƙware da shayi.

"Eish, me kika ce? Sahabiya? Ya ukhti, 'yar'uwata, wannan daga Sanskirit ne, tsohon harshen ƙasarmu. Abar bauta mace ke nan, wadda ake kai wa furanni. Mutanen Jawa don daɗinsa kawai suke sawa."

Har mai tuƙa tuwo ta tsaya.

Inna Hajja ta miƙo mini yarinyar a hankali. "Da ƙafa na taka daga Katsina zuwa bakin teku don in mutu kusa da Ɗakin Allah. Yau a gidan ɗana aka lulluɓe sunana da na gunki. Sannu, malama."

Ni ba mai faɗa ba ce, amma ranar na tafasa. Bibi ta kwana nawa tana jin sunan nan a bakina, tana ce mini "mabruk"? Sai da mata suka taru iliminta ya tashi! Maigida ma da ya ce "ya yi daɗi" sai ya sulale masallaci. Amma wadda ta fi ba ni haushi ita ce wadda ta ƙago sahabiya a zaune, ba ko kunyar Allah. Tun ranar, in ban san abu ba, bakina a rufe yake.

Washegari da sassafe na goya yarinyar, na bi gida gida ina roƙon a riƙa ce mata Uwani. Ƙofar farko da na buga, matar gidan ta leƙo tana murmushi.

"A'a, Uwar Dewi! Har an fito?"